Ajiyar Zuciya a Bakin Ƙofar Umma

Gwaggo, don Allah ki taimake ni. Na kai inda ko numfashi tsoron yin sa nake a cikin gidana, kuma ba salon magana na yi ba, numfashin da kika sani nake nufi. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Ban iya taƙaita zance ba, kuma babu wanda zan zazzage wa cikina sai ke da ba ki san fuskata ba.

Ni ce auta a ɗakinmu. Mu uku ne: Yaya Babba namiji, sai yayata mace, sai ni. Ina da miji da 'ya'ya biyu 'yan makaranta. Aikina a shagon tabarau ne. Likitan ido yana ciki yana auna mutane, ni ina waje, in taya mutum zaɓen firam, in saka masa gilashi, in gyara wanda ya karkace ko hannunsa ya cire. Ba aikin ƙarfi ba ne. Ƙananan ƙusoshi ne waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da ɗan sukurudireba kamar tsinken sakace. Abin da yake so kawai hannu ya tsaya cak.

Bara mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, hannu da ƙafa na hagu. Allah Ya taimaka hankalinta garau, magana ta dawo, bakin nan nata kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Da aka sallame ta daga asibiti ni na ɗauko ta. Maigidana da kansa ya kwashe kayansa daga ɗakin da ke kusa da banɗaki, ya sa aka kafa mata ƙarfen riƙewa a bango. Ban taɓa ganin ya canza fuska a kanta ba. Amma Umma tela ce, da keken ɗinki ta rene mu bayan rasuwar babanmu, kuma mace ce da ba ta iya cewa "a ba ni" ba. Zama a gidan suruki a ɗora ta a sauke ta, na san kullum yana ci mata rai ko ba ta faɗa ba. Da rana akwai wata baiwar Allah da ke zama da ita har in dawo, amma Umma ba ta yarda kowa ya kai ta banɗaki sai ni, in ban da dole.

Idan kika tambaye ni babbar matsalata a lokacin, ba ni da ita. Ƙanana ne birjik. Famfon kicin da ke ɗiga tun ban san yaushe ba. Makullin ƙofar gida da sai ka ɗaga ƙofar da gwiwa kafin ya juya. Takalmin ƙaramin yarona da kullum ƙafa ɗaya ke ɓata da safe, kuma ba ƙafa ɗaya ba ce kullum, suna karɓa-karɓa. Wayata da ba ta caji sai an jingina ta da kofi. Saƙonnin dangi masu tambayar jikin Umma, kowa da maganin da ya ji an ce yana da kyau, babu mai cewa ga ni nan tafe. A shago kuma, sai mutum ya gwada firam kusan duk na cikin gilas, ya tambaye ni ko ya yi masa kyau, in ce ya yi, ya ce zai dawo da matarsa ta gani. Wani ya zauna a kan tabaransa ya kawo mini shi a baje, ya rantse haka ya tashi ya gan shi. Kowanne a cikinsu abin dariya ne, ni ma da ina dariyar. Sai na wayi gari muƙamuƙina na ciwo saboda cije haƙora, kafaɗuna sun haɗe da wuya. Rannan ƙusa ta faɗi daga hannuna, na sa wata ta faɗi, na duba sai na ga hannun rawa yake. Na durƙusa ƙarƙashin tebur da sunan nema, na yi kukana a can, mai tabarau yana tsaye yana jira.

Mai karɓar kuɗi a shagonmu ce ta gan ni. Ba-Komai muke ce mata, don ko gobara ta tashi abin da za ta fara faɗa ke nan. Lokacin hutun rana ta ja ni ɗakin ajiya, ta ture kwalaye, ta shimfiɗa wata tabarmar roba ta ce yau zan fara yoga. Na ce mata ni ba zan iya naɗe ƙafa a wuya ba. Ta ce ita ma ba ta iya ba, kuma ba ta da niyya. Abin da ta koya mini kaɗan ne. In durƙusa in miƙa hannuwa gaba in sauke goshi, in bar bayana ya saki. In dafa ƙasa da hannu da gwiwa in riƙa gantsare baya ina lanƙwasa shi a hankali. In kwanta in jingina ƙafafu da bango. Sai numfashi, wanda ta ce shi ne uwar tafiyar: in shaƙa ta hanci har ciki ya taso, in fitar ta baki a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Ta ce duk lokacin da wani abu ya tsikare ni, kafin in yi magana ko in ɗaga hannu, in yi wannan numfashin tukuna.

Gwaggo, abin ya yi mini aiki. Ba zan yi masa butulci ba. Hannuna ya daina rawa, na fara barci, na daina yi wa yara tsawa a kan takalmi. Na sayi tawa tabarmar na kai gida. Maigidan ya ce atisayen kyanwa nake yi. Umma kuwa da ta ji sunan sai ta ce ita dai ta san yogot na sha, ba ta san akwai na kwanciya a ƙasa ba. Har yau yogot take ce masa. Muka yi dariya, na ɗauka shi ke nan.

To, Ba-Komai ta ce duk abin da ya tsikare ni. Kiran Umma kuwa yana tsikarata, gaskiya ce. Ba don ba na son zuwa ba. Sai dai kiran yakan zo ina tsakar wanke-wanke, ko na ɗora tukunya, ko yanzu na zauna ban ko cire takalmi ba. Da can nakan shiga a gurguje, fuska a ɗaure, in yi abin da zan yi in fita. Sai na ce bari in gyara. Idan ta ce "Auta", sai in zo bakin ƙofarta in tsaya, in ja numfashi, in sauke shi a hankali har ƙarshe, sannan in tura ƙofa in shiga da fara'a. Ni a ganina kyauta nake yi mata. Ina ajiye haushin famfo da na shago a waje, in shiga mata da fuska mai kyau.

Sai kiran ya fara raguwa. Ki ji abin kunya: murna na yi. Na ce jiki yana sauƙi. Ina ganin kofin ruwanta a cike kamar yadda na ajiye shi, in tambaya ta ce ba ta jin ƙishi. Shayin safe ma sai ta kurɓa ta ture. Ban kawo komai a raina ba har ranar da zazzaɓi ya rufe ta, ta fara kiran mai zama da ita da sunan wata maƙwabciyarmu da ta daɗe da rasuwa. A asibiti aka ce jikinta ya bushe, ƙwayar cuta ta shiga mafitsara, aka ɗaura mata ruwa. Likitar ta dube ni ta tambaya ko ba ma ba ta ruwa ne a gida. 

Yayata ce ta faɗa mini a barandar asibitin, ba ta ko zauna ba. Ta ce Umma ta daɗe da gaya mata a waya cewa Auta ta gaji da ita. Wai duk ta kira ni sai ta ji takuna ya zo bakin ƙofa ya tsaya, sai ta ji na yi wata doguwar ajiyar zuciya, sannan in shigo ina murmushi. Wai murmushin ya fi ajiyar zuciyar yi mata ciwo, don ta san na dole ne. Shi ya sa ta rage shan ruwa, don kada fitsari ya matse ta ta kira ni. Ta kuma roƙi yayata kada ta faɗa mini, wai yarinyar tana ƙoƙari.

Da muka dawo gida na zauna na yi mata bayani. Na ce Umma ba ajiyar zuciya ba ce, motsa jiki ne, a shago ma ina yi. Har na ɗauko waya na nuna mata wata mata tana koyarwa. Ta kalla har ƙarshe, ta miƙo mini wayar, ta ce ita ma wannan da gani akwai abin da ke damunta. Sannan ta ce to ta ji, amma gidan nan da faɗinsa, me ya sa ba a shan yogot ɗin sai a bakin ƙofarta? 

Tun ranar na daina komai. Na naɗe tabarmar na cusa bayan kabad. Idan zan shiga ɗakinta har riƙe numfashi nake, in yi abin da zan yi ina shaƙa kaɗan-kaɗan kamar mai ɓuya. Ciwon muƙamuƙi ya dawo, hannu ya fara rawa, shekaranjiya na yi wa maigidan faɗa a kan murfin man goge baki har ya tsaya yana kallona. Ita kuma Umma ta ce wa yayata yanzu ko numfashi ba na yi a gabanta, wai don kada ta kama ni. Ruwa tana sha idan ina tsaye a kanta, da na juya ta ajiye. Har yanzu ba ta kira sai abin ya kai mata iya wuya.

Yanzu Yaya Babba ya ce ƙarshen wata zai zo ya ɗauke ta, kuma ita ce ta nema. Gidansa bene ne, sama can, babu yadda za ta sauko ko don shan iska. Shi matafiyi ne, matarsa tana fita tun safe, 'yar aiki za su ɗauka wadda Umma ba ta taɓa gani ba. Matar da ta ƙi shan ruwa don kada ta dami 'yar da ta haifa, me za ta yi a hannun baƙuwa? Na faɗa masa haka, ya ce ai ni ma in huta, kuma ya faɗa da irin muryar nan da ka san an riga an yi zancenka.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne ba zan iya dafa Umma in rantse mata cewa ƙarya kunnenta ya ji ba. Na gaji, Gwaggo. Akwai ranakun da idan na ji "Auta" sai in ji kamar in zauna a ƙasa. Amma ba na son ta tafi. Idan ta bar gidan nan da wannan zaton, na san da shi za ta zauna har ƙarshe. In na ci gaba da numfashin na kore ta, in na bari ni ce zan faɗi. Yaya zan yi? Shin ni ce da laifi, ko abin nan da aka koya mini ne bai dace da mu ba?

Auta mai gyaran tabarau

*

'Yata Auta,

Na karanta wasiƙarki, na ajiye, na sha ruwa saboda tsoron abin da ya samu Ummanki, sannan na sake karantawa. Sannu. Kina ɗauke da kaya, kuma ba ki yi ƙarya a ko'ina ba, har inda ƙaryar za ta fi yi miki kyau.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce mai sauƙi. Abin da Ba-Komai ta koya miki ba shi da aibi. Miƙa baya da sassauta numfashi ne, jiki kuwa bai damu da daga wace ƙasa aka kawo sunan ba. Kin gwada kin ga hannunki ya tsaya. Wannan shaida ta isa. Sai dai ita matar cikin wayar ba ta san cewa tun kafin a haife ta mu nan mun riga mun raɗa wa wannan numfashin suna ba. Ajiyar zuciya muke ce masa, kuma a wurinmu magana ce cikakkiya. Da ita mace ke gaya wa miji ya makara, da ita uba ke gaya wa ɗa ya ji labarinsa, ba tare da an buɗe baki ba. Kakata makauniya ce a ƙarshen rayuwarta, amma daga yadda mutum ya sauke numfashi kafin ya yi sallama take sanin ko bashi ya zo nema ko gulma ya kawo. Ummanki da wannan kunnen ta rene ku. Da shi ta riƙa gane wanda ke barcin gaske da wanda ke na ƙarya, da wanda zazzaɓi ke shirin kamawa. Yau kin zo mata da waya kina so ki nuna mata kunnen ya yi kuskure. Ba za ta yarda ba, ni ma da ni ce ba zan yarda ba.

Kuma tambayar da ta yi miki tambaya ce ta mai hankali. Me ya sa a ƙofarta? Niyyarki kyakkyawa ce, na yarda. Amma dubi yadda abin ya jeru daga kan gadonta: ta kira, kika zo, kika sha magani, sannan kika shigo. Duk wanda ake shan magani kafin a gan shi ya san sunan da aka ba shi. Kuskurenki ke nan gaba ɗayansa, kuskuren wuri da lokaci. Bai kai ki ɗaure kanki da laifin ciwon mafitsara ba. Ita ma tana da nata kason, don babbar mace ce, da ta tambaye ki maimakon ta hukunta kanta da ƙishirwa. Sai dai kada ki kai mata wannan lissafin. Mutumin da ya saba bayarwa, idan aka wayi gari sai an ɗaga shi, komai ya ji a gida sai ya ɗauka da shi ake.

Maganar ruwa ita ce ta gaggawa, ba ta jiran a shirya. Ki koma wurin likitar ki faɗa mata ainihin dalilin da ya sa Umma ba ta sha, ta gaya miki gwargwadon abin da ya kamata ta sha a wuni da alamomin da za ki lura da su. Sannan ki cire wa Umma nauyin kira. Ki riƙa zuwa tun ba ta neme ki ba, da safe, da dawowarki, bayan abinci, kafin kwanciya, ki ce Umma tashi mu je, kamar abin da aka saba. Ki gaya wa mai zama da ita ta yi haka. Wanda bai roƙa ba ba ya jin ya ɗora wa kowa nauyi, kuma idan ta san banɗaki zai zo mata da kansa, ba ta da dalilin yin rowar ruwa ga cikinta.

Tabarmar nan kuma ki ciro ta daga bayan kabad yau. Riƙe numfashi da kike yi ba biyayya ba ce, kin ga ma ita ta gane. Ki yi miƙe-miƙenki da safe kafin gida ya tashi, ko kaɗan ne. Ki ci gaba da na ɗakin ajiya tare da Ba-Komai. Wanda na fi so ki riƙe shi ne na dawowa daga aiki: kafin ki sa makulli a ƙofar gida, ki tsaya a waje ki sauke shagon gaba ɗaya, da mai firam da mai zama a kan tabarau. Maƙwabta su ji, ba ruwanki, su ba su kira ki ba. Numfashin da ake yi kullum a lokacin da babu abin da ya faru shi ne yake rage yawan tsikarar. Wanda ake ajiyewa sai an tsikari mutum, aikin kashe gobara ne kawai.

Idan kuwa ta kira kika ji abin ya taso miki, ga dabarar tsofaffi. Ki amsa daga inda kike, tun kafin ki motsa, ki ja amsar da tsawo: na'am Umma, ga ni nan zuwa. Magana ai fitar da numfashi ce. Kin sauke abin da za ki sauke, ita kuma abin da ya isa kunnenta amsa ce. Daga nan kada takunki ya tsaya a bakin ƙofa. Kuma ki daina ɗora mata murmushin da ba naki ba. Idan ranar ta yi miki zafi, ki shiga da fuskarki yadda take, ki zauna a bakin gado ki ba ta labarin wanda ya ɓata miki rai a shago. Uwa ta fi son a kawo mata ƙara a kan a kawo mata fara'ar baƙi. Kada kuma ki ce za ki koya mata yogot. Ki bar ta da sunan da ta sa masa, tsokanar tana yi mata amfani.

Yanzu ga mai wuyar. Kin ce ba za ki iya rantse mata cewa ƙarya ta ji ba. To, kada ki rantse. Tsakanin "na gaji" da "na gaji da ke" akwai kalmomi biyu ƙanana, kuma duk rigimar gidanku a kansu take. Ke ta farkon ce ke damunki, ita ta biyun ta ji. Duk lokacin da kika ce mata ba komai, ƙara tabbatar mata kike yi, don tana ganin idonki. Ki zauna da ita ba waya a hannu, ki ce Umma kin ji daidai, a gajiye nake. Ki lissafa mata su famfo da makulli da takalmi da dangi masu aiko magani, ki faɗa mata har kukan da kika yi a ƙarƙashin tebur. Ki ce hidimarta ma tana cikin abin da ke gajiyar da ke, kamar yadda taku ta gajiyar da ita a kan keke, kuma ba ta taɓa cewa a zo a kwashe ku ba. Sannan ki faɗa mata a fili cewa ba kya son ta tafi. Na lura a duk wasiƙarki ni kika gaya wa wannan, da Yaya Babba. Ban ga inda kika gaya mata ba.

Ki kuma nemi wani abu a wurinta. Hannu ɗaya ya shanye, amma idon tela yana nan. Ki kai mata rigar makarantar yara ta nuna miki inda za a rage, ta duba ɗinkin da aka kawo miki ta kushe shi son ranta, ta riƙa yi wa ƙaramin tambayar karatu. Wanda ake nema a gida ba ya yawan auna nauyin kansa.

Yayanki kuma kada ki ɗauke shi abokin gaba. Uwarsa ta ce a zo a ɗauke ta, ya amsa, ɗa nagari ke nan. Kuma da ya ce ki huta, ko da wace murya ya faɗa, gaskiya ya faɗa. Ki karɓi tayin ki canza masa fasali. Maimakon ya ɗauke ta zuwa bene, shi da yayarki su ɗauki wasu ranaku su zo nan su zauna da ita, ke ki fita ko ki rufe ɗaki ki yi barci. Abin da zai kashe a kan 'yar aiki ya sa a ƙara wa mai zama da ita lokaci. Maigidanki, tunda mutumin kirki ne, ki ba shi haƙuri kan murfin man goge baki, sannan ki miƙa masa famfo da makulli, ya kira mai gyara a makon nan. Ba kowace damuwa ake yi wa numfashi ba, wata damuwar mai gyaran famfo take so. Idan kuma bayan duk wannan rawar hannu da rashin barci ba su lafa ba, ke ma ki ga likita, ba gazawa ba ce.

Zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. Umma tana da ikon zaɓar inda za ta zauna. Mai yiwuwa bayan kin faɗi komai ta ce duk da haka za ta je wurin ɗanta ta kwana biyu. Idan ta ce haka, kada ki yi kuka a gabanta kamar an yanke miki hukunci. Ki shirya mata kaya, ki yi wa matar yayanki bayanin ruwa dalla-dalla, ki bar ɗakinta yadda yake, ki gaya mata yana jiranta. Abin da za ki hana shi ne ta tafi da zaton an gaji da ita. Wannan kuwa yana hannunki, kuma ba sai ƙarshen wata ba.

Kada ki sa ran za ta ce ta yarda. Irinsu ba sa faɗa. Sai dai ta ce ki tashi tukunyarki na ƙonewa. Ki dai sa kunne a kwanakin da za su biyo baya. Ranar da ta kira ki kika zo, kika koma, ta sake kiran ki don kawai labule ya karkace, to ki gyara labulen, kin samu uwarki.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya ƙara miki ƙarfi, Ya sa ki ga irin wannan jinƙai daga naki 'ya'yan. Ki gaishe mini da Ba-Komai, ki ce mata wani lokacin akwai komai.

Gwaggonku